A Waƙar Hausa Magana Ce Gaba, Kiɗa Yana Biye

Saura mako uku bikin 'yar ƙanwata, yayanta ya zo ya ɗauke ni a babur zuwa wani situdiyo a cikin Kano. Ya ce, "Kawu, zo ka ji waƙar amarya kafin mu cika musu kuɗinsu." Ɗaki ne ɗan ƙarami, an liƙe bangonsa da soso, ga kwamfuta ga fiyano, ga wani yaro mai fara'a zaune a gabansu. Aka kunna.

Kiɗan ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma da aka iso inda mawaƙin ke gode wa uban amarya, sai na ji kalmar "Baba" ta fito murya sama sannan ta sauko, yadda ake kiran mace babba a gida. Can gaba kuma, inda yake yaba sarƙar da ke wuyan amarya, "a wuya" ta fito ƙasa sannan sama, ta koma wuya irin ta wahala. A waƙar aure.

Na faɗa musu. Yaron ya yi murmushi cikin ladabi ya ce, "Alhaji, bit ɗin ne, wato bugun kiɗan kwamfutar, ya zo da haka. Kuma ai dama waƙar Hausa ba ta da wata ƙa'ida. Ba mu da hamoni, ba mu da nota. Yanzu ne ake ɗora ta a kan tsari."

Wannan magana ta tsaya mini a rai har yau, domin na san ba shi kaɗai ke faɗinta ba. Ra'ayina kuwa shi ne: waƙar Hausa tana da ƙa'ida, mai tsauri ma, kuma tushen ƙa'idar a bakin Bahaushe yake. Hawa da saukar murya, da bugun kiɗa, duk daga magana suke fitowa. Wanda ya fara ƙera kiɗa a kwamfuta sannan ya nemi ya cusa Hausa a ciki ko ta ƙi ko ta so, ya ɗaura wa doki linzami a wutsiya.

Abubuwa uku da ake ta faɗa

Masu koyar da kiɗa sukan fara da abubuwa uku. Akwai karin waƙa, wato hanyar da murya ke bi tana hawa tana sauka, abin da za ka iya yi da fito ko da ka manta kalmomin. Masana waƙar baka a jami'o'inmu suna kiransa rauji. Akwai bugu, wato yadda aka yanka lokaci, abin da ke sa ƙafa ta motsa. Sai hamoni, wato a haɗa sautuka daban-daban su fito lokaci guda su dace da juna, kamar idan mai fiyano ya danna maɓalli uku tare.

Kowace al'umma tana da inda ta fi zuba basirarta a cikin ukun nan. Mu a biyun farko muka zuba tamu.

Kari: harshe ya riga murya

Hausa harshe ne mai karin sauti. Kowace gaɓa tana da matsayinta, ko sama, ko ƙasa, ko ta faɗo daga sama zuwa ƙasa. Yaro ɗan shekara huɗu ya san bambancin kukan da yake yi idan an hana shi alewa da kukar da ake kaɗa miya da ita, alhali a rubuce duk "kuka" ne. Ba wanda ya koya masa. Kunnensa ya ɗauka tun yana goye.

Wannan na nufin tun kafin mawaƙi ya buɗe baki, kalmominsa sun riga sun zo da ɗan karinsu. Bature mai waƙa da Ingilishi yana iya ɗaukar kalma ya kai ta sama ko ƙasa yadda ya ga dama, ma'ana ba ta motsawa. Bahaushe ba shi da wannan sararin gaba ɗaya. Aikinsa shi ne ya ji waƙar da ke kwance a cikin jimlar, ya tashe ta, ya ƙawata ta.

Hujja mafi ƙarfi tana rataye a kafaɗar makaɗi. Me ya sa kalangu ke magana? Saboda makaɗi yana matse igiyoyin da hammatarsa fata ta ɗaure sauti ya hau, ya saki sauti ya sauka, ya bi hawa da saukar jimlar Hausa daidai. Shi ya sa ɗan dambe ke jin takensa daga nesa jikinsa ya ɗauki tsuma, ba a furta ko kalma guda ba. Shi ya sa mutanen fada ke gane wane ne ya iso daga abin da kakaki da algaita ke faɗi. Abin da ba shi da ƙa'ida ba ya iya isar da saƙo babu baki.

Za a ce mini, ai mai sauraro yana gane nufi daga sauran maganar, ba wanda zai zaci ana yi wa amarya fatan wahala. Gaskiya ne. Za a kuma ce su kansu manyan mawaƙan da ba kullum muryarsu ke bin karin kowace gaɓa ba. Wannan ma gaskiya ne, kuma duk mai kunne zai tabbatar. Waƙa ba karatun labarai ba ce. Mawaƙi yakan ja gaɓa, yakan sauke ƙarshen layi don ya huta, yakan lanƙwasa kalma don ta yi zaƙi.

Amma a saurari inda suke lanƙwasawa. A ƙananan kalmomi ne, a wurin wucewa. Idan aka zo kan sunan ubangida, ko sunan gari, ko kalmar da aka gina ɗan waƙar, wato baitin, dominta, za ka ji ta tsaya cak yadda ake faɗinta a zaure. Wanda ya san ƙa'ida ya kauce mata da gangan daban, wanda bai san akwai ta ba daban. Na farkon gwaninta yake nunawa. Na biyun, kunnen mai sauraro ne ke biyan bashinsa, domin sai ya tsaya ya gyara kalmar a ransa kafin ya ci gaba, kafin nan kuwa layi biyu sun wuce shi.

Bugu

Nan ne abin ya fi damuna, don nan ne muka fi arziki kuma nan muka fi asara.

Ban da karin sauti, gaɓoɓin Hausa suna da nauyi. Akwai gajera akwai doguwa. Garin da ake zama a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi, tsawon gaɓar farko ne ya raba su. Saboda wannan ne malaman ƙarni na 19, su Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da 'yarsa Nana Asma'u da waɗanda suka biyo bayansu, waƙoƙin Hausa na zamaninsu suka zauna daram a kan ma'aunan Larabci irin su Kamil da Rajaz da Mutadarik. Larabci ma da doguwa da gajera yake auna waƙa, sai harsunan biyu suka dace. Ke nan kowace jimlar Hausa tana tafe da bugunta, kamar yadda take tafe da karinta.

To, shi bit na kwamfuta a kan layi yake, an yanka shi huɗu-huɗu, ba ya jiran kowa. Idan jimla ta fi wurin da aka ba ta tsawo, sai a haɗiye doguwar gaɓa. Idan ta gaza, sai a ja gajera har ta koma wata kalma. Shi ya sa kake jin waƙa da Hausa daga farko har ƙarshe, amma sai ka nemi wanda zai faɗa maka abin da aka ce.

A kwatanta da abin da muka taso muna ji. Ba sai an je fada ba, a tsakar gida ma ya isa. Mata biyu ko uku a kan turmi ɗaya suna lugude, wannan ta sauke taɓarya waccan ta ɗaga, wata ta cilla tata sama ta tafa ta cafe, ba wadda ke karo da wata. Wannan lissafi ne. A rukunin 'yan kalangu kuma, kuntuku yana riƙe da ƙaramin bugu ba ya sauyawa, ɗan karɓi yana cike gurbi, babban kalangu yana yawo a kansu yana magana. Sau da yawa wani na tafiya a kan uku wani a kan biyu a cikin lokaci guda, su rabu su sake haɗuwa. Wannan jan da sakin shi ne ke shiga jiki. Idan aka daddale shi a kan huɗu-huɗu, sautin ganga yana nan amma ran ya fita.

Sannan makaɗi yana da ido. Mai gangar noma yana kallon 'yan gayya, idan ya ga kafaɗu sun fara sanyi sai ya ƙara wuta. Makaɗan Alhaji Mamman Shata bakinsa suke kallo. Idan ya hango wani a taro ya ƙago ɗa nan take, ya tsawaita shi yadda ya so, kalangu na biye da shi har ya dire, 'yan amshi su karɓe da gindin waƙa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988, kuma har ya rasu a 1999 bai dogara da takardar nota ba. Mutumin da zai ƙirƙiri ɗiya a gaban dubban jama'a, kowanne ya faɗa a kan bugu ba tuntuɓe, a ce ba ya bin ƙa'ida?

"Ba mu da hamoni"

A nan yaron yana da gaskiya, rabi. Irin hamonin da Turawa suka gina, na jera sautuka uku ko huɗu a dunƙule ana sauya su a ƙarƙashin waƙa, ba hanyarmu ba ce. 'Yan amshinmu murya guda suke bi baki ɗaya. Kuntigin Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya gare shi. Goge da kukuma ma haka. Ba abin musu.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mayar da wannan naƙasa. Kiɗan Indiya na asali, wanda aka gina a kan tsarin kari da suke kira raga, shi ma kari ne da bugu a kan wani sauti guda da ke gunji a ƙasa ba ya sauyawa. Kiɗan Larabawa na maƙamai, wato tsare-tsaren sautinsu, shi ma a kan kari yake, har yana da sautukan da suke faɗawa tsakanin maɓalli da maɓalli, fiyano na yau da kullum ba ya iya fitar da su. Ban taɓa jin wanda ya ce Misirawa ko Indiyawa ba su da ilimin kiɗa ba. Abin mamaki ma, waɗanda ke raina namu don babu hamoni, yawancinsu karin Indiya suka taso suna so.

Kuma gurbin da hamoni ke cikewa a can, a nan akwai abin da ke cike shi. Akwai musayar jagora da 'yan amshi, inda amshi kan shigo tun jagora bai gama sauke numfashi ba, muryoyin su ɗan hau kan juna. Akwai karɓi, inda yara ke ƙarasa wa jagora layin da ya fara. Akwai ganguna masu tsayin sauti daban-daban da ke tafiya tare. A tuna kiɗan ƙwarya irin na Barmani Choge, wata ƙwaryar a kife a kan ruwa tana ba da amo mai zurfi, wasu a ƙasa suna ba da mai kaifi. Wanda ya tsara wannan ya san yadda sauti ke zama da sauti.

Maganar nota kuwa, rubutu ne kawai. Wani malamin coci ɗan Italiya, Guido na Arezzo, shi ya daidaita hanyar rubuta sauti a kan layuka a ƙarni na 11, kuma daga gare shi aka samo tushen do, re, mi. Kafin shi ma ana waƙa a Turai. Rubutu yana taimakon adanawa da koyarwa, ina son yaranmu su iya shi. Amma ba shi ke haifar da ƙa'ida ba, kamar yadda Hausa ke da nahawunta tun kafin a rubuta ta da ajami ko boko.

Ba na ƙin hamoni. Na ji waƙoƙin zamani na Hausa inda fiyano ke tafiya a hankali a ƙarƙashin murya, ya ƙara mata zurfi, har tsigar jiki ta tashi. Sai dai mai fiyanon ya san cewa da yawa daga karin waƙoƙinmu a kan sautuka biyar suke yawo. Duk mai fiyano ya gwada danna baƙaƙen maɓallan nan kaɗai, zai ji wani abu mai kama da gida. Idan ya zaɓi haɗin da ya dace da biyar ɗin nan, baƙo ya zauna lafiya. Idan kuwa ya ɗauko jerin da ya kwafo daga waƙar wani harshe ya tilasta wa mawaƙi ya bi, to baƙo ya kori mai gida.

"Kasuwa ce ke so"

Wannan ce hujjar da ta fi nauyi, ba kuma zan raina ta ba. Tun da fiyano ƙirar Yamaha ya shigo situdiyoyin Kano a shekarun 1990, lissafi ya sauya. Mutum ɗaya da na'ura ɗaya yana fitar da abin da da sai an tara makaɗa biyar, a ciyar da su, a sallame su. Yaron da ke neman na abinci da waƙar biki ba shi da halin ɗauko 'yan kalangu. Waƙoƙin nanaye sun samar wa dubban matasa sana'a, sun kai Hausa Yamai da Kumasi da Yawunde da Khartum. Ni ma ina sauraron wasu, ina kuma jin daɗinsu.

Sai dai abin da nake roƙo ba ya cin ko sisi. Kafin a taɓa kwamfuta, mawaƙi ya karanta baitocinsa da baki, da ƙarfi, kamar yana faɗa wa mahaifiyarsa. Ya ji inda murya ke hawa da kanta, ya ji inda gaɓa ke da nauyi. Ya rera a kan wannan, yana tafi ko yana buga tebur. Sannan mai haɗa kiɗa ya gina bit a kewaye da abin da ya ji. Na'urar dai ita ce, kuɗin dai su ne, tsarin aikin kawai aka juya.

Haka Auto-Tune, wanda ya fito a 1997 don gyara ɗan kuskuren murya. Aikinsa shi ne ya ja murya zuwa mafi kusa daga sautuka 12 na fiyano. Idan an sa shi kaɗan, ba laifi. Idan aka murɗa shi har ƙarshe, sai ya yanke wannan zamewar da muryar Bahaushe ke yi daga sama zuwa ƙasa a kalma irin "kai" ko "rai", ya mayar da ita matakala. Ya kuma sa muryar kowa ta zama iri ɗaya. A da, da jin layi guda ka san wannan Narambaɗa ne, wancan Ɗanƙwairo, alhali dukansu kotso suke kaɗawa.

Batun cewa jama'a haka suke so kuwa, a lura da waƙoƙin zamanin da suka daɗe a bakin mutane, waɗanda yara ke rerawa a layi shekaru bayan fitarsu. Kusan duk za ka tarar kalmominsu suna fita tar, kari ya zauna a kan magana. Kunne yana zaɓe ko da mai kunnen bai san dalili ba.

Inda laifin yake namu

Ba zan ɗora wa yaron nan duka ba. Wa ya koya masa?

Mun mayar da kiɗa sana'ar gado, muka kuma ajiye masu gadon a ƙasan tabarma. Muna son waƙarsu, muna yi musu kari a taro, amma ba ma son ɗanmu ya zauna kusa da su, balle ya auri 'yarsu. Sai ilimin ya tsaya a gidaje ƙalilan, 'ya'yan gidajen ma da yawa suka gudu daga sunan maroƙi. Yaron da Allah ya ba kunne a yau, idan yana son koyo, YouTube zai buɗe, can kuwa Bature ko Ba'indiye zai tarar yana koyar da nasa. Dole ya fito da tunanin cewa abin da ba a koyarwa babu shi.

Jami'o'inmu sun yi aiki babba a kan waƙar baka, an tattara matani, an yi nazarin jigo da salo, an rubuta tarihin makaɗa. Amma galibi a sashen harshe da adabi ake yi, inda kalmomi ne abin dubawa, sautin kuma a bar shi a kaset. Jami'ar Najeriya ta Nsukka ta buɗe sashen kiɗa tun 1961. A Yamai akwai cibiyar Elhaji Taya ta koyar da kiɗa, inda aka tara kayan kiɗan gargajiya na Nijar. Me zai hana a ɗauko tsofaffin makaɗan kotso da taushi da gurmi da suka rage, a biya su albashin malami, a zaunar da su da yaran situdiyo? Kowace shekara ana binne wasu da abin da ke hannunsu.

Na san akwai mai karatu da zai ce shi kiɗa gaba ɗaya bai yarda da shi ba saboda addini. Ina girmama matsayinsa, ba kuma shi nake neman sauyawa ba. Sai dai ya lura cewa rabin maganata ta shafe shi. Waƙar wa'azi da ake rerawa babu ko tafi, da waƙen da 'yan Islamiyya ke yi ranar sauka, su ma kari ne da ma'auni. Idan aka karya kalma a can, saƙon da ake son isarwa ne ke raunana.

A ranar dai na roƙi mawaƙin ya cire abin kunnen, ya faɗi layin uban amarya da baki kawai. Ya faɗa, "Baba" ta fito daidai, ƙasa sannan sama. Na ce ya sake, a hankali, ya ɗan ja ta. Ya sake sau uku, sai ga wani kari ya fito wanda ba shi ne na farko ba. Yaron mai kwamfuta ya yi shiru, sannan ya juya ga fiyano ya nemo shi da yatsa ɗaya. Cikin minti 20 aka sake ɗaukar wurin.

Ta "wuya" kuwa ba ta gyaru ba. A cikin amshi take, ta maimaitu sau shida, gyaranta na nufin rushe kiɗan duka, ga biki ya matso ga kuɗi sun ƙare. Haka aka kunna ta ranar kamu, amarya na zaune da sarƙarta, ƙawaye na rawa.